Ƙwayar Dawa Bakwai ta Baba Iro Mai Bes

Duk wanda ya taɓa zuwa biki tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a shekarun da muke yawon kiɗa, ya san ba a fara komai sai Baba Iro ya gama awonsa.

Tsarin ɗaya ne kullum. Da farko zai cire takalmansa ya jera su gefe. Sannan ya ciro wani ɗan gwangwanin man zafi daga aljihun gaba, ya zubo ƙwayar dawa bakwai a tafin hannu, ya ƙirga su duk da ya san bakwai ɗin ne. Sai ya jera su a kan babban akwatin lasifikarmu, wanda shi ya raɗa wa suna Rumbu. Daga nan ya rataya jitar bes, ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasa, ya ja tsirkiya mafi kauri sau ɗaya. Idan ƙwayoyin suka zauna shiru, sauti bai kai ba. Idan suka yi tsalle suka zube, ya yi yawa. Abin da yake so shi ne su yi rawa a inda suke, suna karkarwa, ba tare da ko ɗaya ta bar wurinta ba.

"Saura kaɗan, Isiya," zai ce, ko da ango ya gaji da tsayuwa.

Ni ne Isiya. Gyaran rediyo ne sana'ata a Ƙanƙara, kuma shekara goma sha tara ni ke zama a bayan miksa, na'urar da wayoyin makaɗa duka suke shiga kafin sauti ya fita wa jama'a. Mu biyar ne: Lawwali mawaƙi, Ɗan'asabe mai ganguna, mai fiyano da ake yawan sauyawa, Baba, sai ni. Baba ya koyi bes ne a Kaduna yana saurayi, ya dawo gida riƙon gona bayan rasuwar mahaifinsa. Kunnensa na hagu ya mutu tun kafin in san shi, na dama kuma yana bin sahu. Shi ya sa ya dogara da dawa da tafin ƙafa.

Na rubuta wannan ne don ku da kuka san shi. Ranar sadakar arba'in ɗinsa kowa ya ba da labarinsa, aka yi ta dariya a zaure har liman ya yi gyaran murya, ni kuwa ban ce uffan ba. Lawwali ya ce ai ni dama ba ni da labari sai na waya ta tsinke. Ina da shi. Sai dai a cikin labaraina akwai wata ƙarya da na yi wa Baba kwana huɗu kafin a kashe shi, kuma tun ranar nake tambayar kaina ko ita ce ta aika shi inda aka kashe shi. Ba zan fara da ita ba. Komai yana da layinsa, zan zo gare ta.

Na farko, kazar garin Sheme.

Bikin ɗan wani Alhaji ne mai shanu. Baba ya jera ƙwayoyinsa, ya juya ya ɗauko jita, sai wata jar kaza ta yi tsalle ta hau Rumbu. Kafin in miƙe ta tsince su tas. Alhaji mutumin kirki ne, ya sa aka ɗebo dawa cike da kwano.

"Ga ta nan, Baba, zaɓi son ranka."

Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza, ya ciza. "Wagga ta ina ce?"

"Ta kasuwa ce."

"Ta sha takin zamani. Ba ta da nauyi."

"Haba Baba, dawa ai dawa ce."

"Alhaji, ban taɓa musa maka kan shanu ba. Kar ka musa mani kan dawa."

Kaurar gonarsa kawai yake awo da ita, gonar nan ta bakin daji da ya gada. Ya ce ita ya sani, ita ta san Rumbu. Alhaji ya dubi jama'a cike da ƙofar gida, ya dubi Baba.

"To yanzu ya za a yi?"

"Dawata tana cikin kazar. A kamo ta."

Ba wasa yake yi ba. Magidanta uku da manyan riguna suka bi kazar nan har bayan turken awaki. Aka ɗaure mata ƙafa aka aza ta a kan Rumbu. Baba ya ja tsirkiya. Kaza ta dube shi.

"Saura kaɗan, Isiya."

Na murɗa. Ya sake ja. Gashin wuyan kazar ya miƙe yana ɓari, idonta ya tsaya wuri ɗaya, amma ba ta faɗi ba.

"Ya yi," in ji Baba.

Bayan an tashi, Alhaji ya ce ko a yanka ta a ciro masa kayansa. Baba ya ce, "A bar ta, ta yi aiki. Ta fi Lawwali kunne."

Alhajin nan yanzu yana Funtuwa a ɗakin haya. An kore shanun a rana ɗaya, kuma angon da muka yi wa kiɗa yana cikin waɗanda suka bi sawu ba su dawo ba.

Na biyu, tsirkiya.

Tun da na san Baba bai taɓa sauya tsirkiya ba. Huɗun nan sun yi baƙi ƙirin, sun sha gumi da maiƙo, har ba a ganin ƙarfen. Sautinsu gajere ne mai kauri, dum, ya tsaya, ba ya jan wutsiya. Lawwali ya ce abin kunya ne, ko a rediyo ba a jin irin wannan. Da ya je Kano ya sayo sababbi a takarda mai walƙiya, muka taru muka lallashi Baba har ya yarda aka ɗaura. Ya ja sau ɗaya, sauti ya fito da wani ƙarau a bakinsa. Har kunnensa mai mutuwa ya ji.

"Wanga ba bes ba ne. Amarya ce ke jeren kwanoni."

"Haka ake yayi yanzu, Baba," in ji Lawwali.

"To a yi yayin ba da ni ba."

Ya kwance su a wurin, ya mayar da tsofaffinsa. Sababbin ya kai wa matarsa, Gwaggo Hure, ya ce ta shafa musu man shanu ta rataye su a madafi inda hayaƙi zai same su. Ya ce ba su ci abinci ba tukuna. Bayan shekara biyu Lawwali ya tambaya, ya ce ba su nuna ba. Ganina na ƙarshe da su, Gwaggo tana yanka sabulun salo da ɗaya.

A Sabuwa siririyar cikin tsofaffin ta tsinke ana tsakiyar waƙa. Baba ko girgiza bai yi ba, ya ƙarasa da uku, ya kuma ci gaba da uku har ya bar duniya. Na ce masa ga sababbi a madafi. Ya ce, "Ukun ma ɗaya ta yi yawa."

A kan wannan tsirkiyoyin ya koya mini aikina, ni da nake ganin na san na'ura. Kowane layi a miksa yana da maɓallai uku na murɗawa: ɗaya na sama, wato sirarin sauti, ɗaya na tsakiya, ɗaya na ƙasa, wato kaurin da ake ji a ƙirji. Ni da duka nake buɗe wa kowa, sauti ya cakuɗe kamar kasuwar Yankara ta cika. Baba ya zo ya tsaya a kaina.

"Sama ta Lawwali ce, bar mashi, ba shi da komai sai ita. Tsakiya ta mai hiyano. Ƙasa tawa ce, ni da ƙahwar wancan." Ya nuna Ɗan'asabe da haɓa. "Kar ka bari wani ya shigo mamu gona, mu ma kar ka bari mu shiga ta wani."

Ya ce wancan ne saboda ba sa magana. Akuyar Ɗan'asabe ta taɓa cinye wa Baba yabanya, aka yi musu, shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya gai da wani. Amma in aka fara kiɗa, babbar gangar da Ɗan'asabe yake takawa da ƙafa da tsirkiyar Baba suna sauka tare, sai ka rantse mutum ɗaya ne. In akwai gyara, ta hannuna yake bi, alhali taku uku ne tsakaninsu.

"Isiya, gaya ma wancan ƙahwarshi na gudu."

"Isiya, gaya mashi shi ne ke barci."

"Isiya, gaya mashi na ji, kunnen bai gama mutuwa ba."

Na uku, ranar da ya daina kaɗawa ana tsakiyar rawa a Faskari.

Lawwali ya yi suna a lokacin, ana liƙa masa har a hula, kansa ya fara girma. Muna haɗa kaya ya ce da ƙarfi, don Baba ya ji, wai mai fiyano zai iya yin bes da hannun hagu, a rage ɗaukar Rumbu, mota ta huta.

"Wai ma aikin mi kake, Baba? Dum, dum, dum. Wa ya taɓa liƙa maka?"

Baba ya jera ƙwayoyinsa. Ya yi awonsa, aka fara. Mata sun cika fili, waƙa ta kai inda ake so, ƙura ta tashi. Sai kawai ya ɗauke hannu daga jita, ya ciro goro ya ɓara.

Lawwali yana ta rera waƙa, ganguna suna tafiya, fiyano yana kuka. Ba abin da ya tsaya. Amma rawar ta watse a gaban idona. Wannan ta taka waccan, wata ta tsaya tana gyara ɗaurin da bai kwance ba. Maza suka juya suna kallon janareta, alhali yana ta ruri. Wata tsohuwa ta ratso mutane ta zo ta dafa teburina.

"Kai mai waya, mi ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba, Iya."

"Ƙarya kake. Ƙasa ta tahi. Maido ta."

Baba ya bari sai da Lawwali ya fara waiwayowa, gumi yana zuba, muryarsa ta koma siririya ita kaɗai a sama kamar tsumma a igiya. Sannan ya tofar da goro ya dawo, daidai kan ƙafar Ɗan'asabe. Fili ya ɗinke nan take. Wata ta rangaɗa guɗa, aka ruga aka liƙa wa Lawwali.

A mota na ce masa, "Baba, ko a nan ma ba kai aka yaba ba."

Murna ce fal a fuskarsa. "Ka ga wanda ya dube ni? Ba ko ɗaya. Janareta sunka zaga, sunka zage ka. Ranar da anka hwara dubana, ka san na ɓata aiki."

Lawwali bai sake zancen hannun hagu ba.

Daga nan labaran suka daina daɗi, amma dole in bi layi.

Kun san yadda abin ya zo. 'Yan bindiga suka cika daji. Aka daina kiɗa bayan isha'i, aka koma tsakanin azahar da la'asar don baƙi su isa gida da rana. Aka daina bin wasu hanyoyi. Garuruwan da muke zuwa duk kaka suka riƙa fita daga lissafinmu, wannan an tashe shi, wancan ba mai halin biki. Mai fiyano na ƙarshe ya koma Zariya. Sai a yi wata uku ba mu ɗaga Rumbu ba.

A cikin wannan hali wani tela maƙwabcina ya dawo daga hannunsu bayan wata biyu, ya rame kamar sanda. Muka je yi masa barka, har da Baba. Ana cikin gaisawa telan ya dube shi.

"Baba Iro, na ji ka a can."

"Ina?"

"A daji. Wata Asabar da yamma, muna ɗaure ƙarƙashin wata bishiyar marke, ina kwance kunnena a ƙasa. Ba waƙa, ba ganga, sai dum, dum, can nesa. Na ce wannan Baba Iro ne, na yi ta kuka. Su ma sun ji. Ɗaya ya ce biki ake a gari kaza, ya faɗi sunan garin, kuma daidai ya faɗa."

Kowa ya fahimci abin da maganar take nufi. Sirarin sauti yana mutuwa a bayan gari, amma kaurin bes yana bin ƙasa ya yi tafiya, ya je ya shaida wa wanda ba a gayyata ba cewa ga mutane sun taru da kaya masu kyau.

Baba ya matsa kusa da telan, ya kara hannu a kunnen dama. "Da ka ji, daidai yake tahiya ko yana gudu?"

"Daidai, Baba."

Ya juya. "Ka ji ko, Lawwali? Taka ko bakin rahi ba ta kai ba."

Ba wanda ya yi dariya sai telan, har yana riƙe haƙarƙari. Amma a hanyar komawa Baba bai yi magana ba ko ɗaya, kuma na lura da haka. Da na yi aiki da abin da na lura, da ban yi abin da na yi ba.

Yanzu na zo gare ta.

Farkon kakar bara aka kira mu wani ƙauye yamma da Yankara. Ba zan faɗi sunansa ba. Daga ƙofar gidan bikin ana hango duhun daji. Muna sauke kaya mai gari ya yafito ni gefe, dattijo ne mai magana a hankali.

"Malam Isiya, an ce kai ke riƙe da na'ura."

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Yarinyar nan marainiya ce, ubanta a gona anka kashe shi. Shi ya sa na yarda a yi mata kiɗa, kar ta tahi ɗakin miji shiru. Amma wancan abin mai girgiza ƙasa, don Allah kar ya hita gari. Ɗiyan mutane ne cike da wurin nan."

Na ce na ji. Na je wurin Lawwali na ce ya gaya wa Baba. Ya ce shi? Ya fi son ya shiga dajin da ƙafarsa. Ɗan'asabe kuwa ba hanya. Lawwali ya ce, "Kai ke da maɓalli, murɗe shi kawai. Kurma ne, ba zai sani ba."

Ni mutum ne da ba na tsoron faɗa wa kowa gaskiya, kun sani, da yawanku kun sha ta a shagona. Amma na hango kaina ina ce wa Baba abin da ya ba rayuwarsa duka ya zama haɗari ga mutane, sai na ga ba zan iya ba. Na kuma ji tsoron taurin kansa, kar ya ce ko a yi da ƙasa ko a fasa, marainiya ta tafi shiru. Na koma bayan miksa na murɗe maɓallin ƙasa na layinsa kusan gaba ɗaya, na ɗaga na tsakiya don a ji shi a fili amma kar ya wuce katanga.

Baba ya cire takalma. Ya ƙirga bakwai. Ya jera. Ya ja tsirkiya.

Ƙwayoyin ba su motsa ba.

"Saura kaɗan, Isiya."

Na taɓa wani maɓalli na layin da ba kowa a kai. Ya sake ja. Shiru.

"Saura kaɗan."

Na sake taɓa na banza. Sau huɗu muna haka. Sannan ya sauke hannu, ya tako har gaban teburina ba takalmi, abin da bai saba yi ba.

"Mi ya samu Rumbu?"

"Lafiyarsa lau, Baba. Na buɗe maka kamar kullum."

"To mi ya hana su rawa?"

Nan na yi ta. Na ce, "Dawar ce. Ta bara ce, ta sha laimar damina, ta yi nauyi."

Ya dube ni tsawon lokaci. Bai dubi na'urar ba, ni ya duba.

"Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"To. Sai a samo sabuwa."

Ya koma ya kwashe ƙwayoyin ya mayar gwangwani. Ya yi kiɗan daga farko har ƙarshe, ƙafarsa a ƙasar da ba ta ba shi amsa, idonsa a kan gwiwar Ɗan'asabe, yana bin ta da kallo tun da ba ya jin kansa. Bai kuskure ko sau ɗaya ba. An yi rawa, ba irin ta da ba, amma an yi. Aka kai amarya kafin la'asar ta yi sanyi, kowa ya isa gida lafiya.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, ya ɗauki lauje da buhu ya tafi gonarsa ta bakin daji, inda kowa ya daina zuwa. 'Yan bindiga suka fito a kan babura. Suka kashe shi, shi da wasu manoma biyu. Sai bayan azahar aka sami masu ƙarfin halin zuwa ɗauko su, kuma Ɗan'asabe ne a gaba. Shi ya goyo shi. A aljihun rigar Baba, kusa da gwangwanin, an sami zangarniyar kaura guda, sabuwa, an karye ta da hannu.

Ni na ga zangarniyar nan. Wanda ya ciro ta ya ajiye gefe, bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ni kuwa na tuna sabuwar dawar da ya ce a samo.

A maƙabarta, bayan an gama rufewa mutane sun fara juyawa, Ɗan'asabe ya matso kusa da ni, jinin Baba bai bushe a rigarsa ba.

"Isiya, gaya mashi..."

Ya tsaya. Na jira. Bai ƙarasa ba, ya tafi.

Kwana arba'in na riƙe abin nan. Na ɓata rediyon mutane uku. Washegarin sadaka, bayan Lawwali ya ce ba ni da labari, na tafi gidan Baba. Gwaggo Hure tana takaba, na durƙusa a ƙofar ɗaki, asabari tsakaninmu. Na gaishe ta, na faɗa mata komai bi da bi: mai gari, maɓalli, laimar damina, zangarniya. Na ce in ni ne sanadi, ta faɗa mini in sani, in kuma za ta iya ta yafe mini.

Sai na ji wani sauti da na ɗauka kuka ne. Dariya ce, irin ta wanda ya gaji.

"Isiya, kai kam. Dawar da nake aje mashi cikin tulu kusa da murhu ce za ta sha laima? Ko shiga bai yi ba ran nan ya hwara ba ni labari tun daga zaure. Ya ce, Hure, yau Isiya ya yi mani ƙarya, kuma bai iya ba, kunnenshi har rawa yake."

"Ya sani, Gwaggo?"

"Ya ga mai gari ya ja ka gehe. Kurma ne, ba makaho ba. Ya ce da ka zo ka gaya mashi, da shi da kanshi zai ce ka rage. Tun maganar telan nan ba ya barci sosai. Ya ce ko da can ba don a ji shi yake yi ba, bare yanzu."

"To me ya hana shi faɗa mini?"

"Ya ce kai ka ɗauki kayan don kar shi ya ɗauka, in ya nuna ya sani ka yi wahalar banza."

Na tambaye ta gonar. Ta ce wannan ne zuwansa na shida a kakar, a ɓoye, ita kaɗai ta sani. Hatsi ya ƙare a gidan, kaura ta nuna, ya ce ba zai zauna yana kallo tsuntsu da ɓarayi su raba guminsa ba. Ta roƙe shi, ƙannensa sun roƙe shi.

"Da ka yi ƙarya da ba ka yi ba, da ya tahi. Ka san shi."

Zuciyata ta ɗan sauka. Da na tashi a nan da na tafi da sauƙi. Amma ni ba na barin lissafi da gutsure, sai na tambayi zangarniyar.

"Wannan kam taka ce," in ji ta. "Da zai hita ya ce, bari in karyo ma Isiya sabuwa, in ga kuma mi zai ce."

Ta turo gwangwanin ta ƙarƙashin asabari, da zangarniyar a naɗe cikin ƙyalle. Ta ce Rumbu ma in aiko a ɗauke, yana tare mata zaure.

Ga shi na faɗa muku. Ban aika shi gonar ba, yunwa da taurin kai suka aika shi. Amma ya tsaya a cikinta ya zaɓo mini zangarniya, kuma ban san ko mintin da ya ɓata wurin zaɓen shi ne wanda da zai kai shi cikin karan da zai ɓuya ba. Gwaggo ba ta sani ba, ni ma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne na zauna da mutum shekara goma sha tara, na ɗauka sautinsa ya fi masa ran mutane muhimmanci, shi kuwa ya gane ni cikin kallo ɗaya ya rufa mini asiri.

Rumbu yana kusurwar shagona, na lulluɓe shi da buhu. Jitar tana rataye a sama da tsirkiyarta uku. Ɗan'asabe ya sayar da gangunansa. Ya ce ya gwada sau ɗaya, ƙafarsa tana sauka ba ta tarar da kowa. Wani lokaci yakan zo ya zauna a bencin ƙofa, ba ya cewa komai, ni ma ba na tambayarsa abin da zai ce a maƙabarta. Zangarniyar na ba shi rabi. Da damina ta faɗi muka shuka a bayan shago, inda ba sai an je bakin daji ba. Ta fito.

Allah ka jiƙan Baba Iro. Ka yafe masa taurin kansa, ka yafe mini ƙaryata, ka karɓi goyon da Ɗan'asabe ya yi masa a madadin gaisuwar shekara goma sha ɗaya. Ka ba Gwaggo Hure haƙuri. Ya yi rayuwarsa yana tallabe da mutane ta ƙasa ba tare da sun waiwayo ba. Allah ka sa ƙasar da ya kwanta a ciki ta yi masa taushi. Ka kawo mana ranar da za a yi biki a garuruwan nan a buɗe sauti ba tare da kowa ya dubi daji ba. Amin.